Ilimin ɗiya mata na son mai zama: darasin Uwa Marie-Catherine ga gundumar Dakoro

Duk wanda ya taso daga Dakoro zai tafi Maraɗi, in ya wuce Kornaka da Sabon Mashi, sai ya ratsa ta Tibirin Gobir kafin ya shiga birni. Mutanen arewa sun san garin sarai, don a nan fadar Sarkin Gobir take tun shekarar 1836. Amma kaɗan ne cikin matafiya suka san cewa a garin akwai makaranta da gidan kwanan ɗiya mata waɗanda wata baƙuwa ta girka, mace Kirista, ƴar ƙasar Senegal, wadda ta zo jihar Maraɗi a 2006 ta kuma ba da sauran rayuwarta ga karantar da ɗiyan talakawa da kula da mata da ƙananan yara. Sunanta Marie-Catherine Kingbo. Ta rasu a watan Mayu na 2021.

Ya dace magabata da malamai da ɗaliban yaƙi da jahilci na gundumar Dakoro su san labarinta, saboda matsalar da ta yi kokowa da ita a kudancin jiha ita ce ke damun arewa, har ma ta fi tsanani a can. Abin da rayuwarta ta nuna a fili shi ne, ɗiya mace ba ta daɗewa a makaranta sai in an samu wanda ya zauna cikin jama'a shekara da shekaru, ya san uwayenta, ya saurari limamin garinsu da maigari, ya kuma kula da abin da za ta ci da wurin da za ta kwana. Takarda daga Yamai ba ta yin wannan aiki ita kaɗai, haka ma baƙin da ke zuwa cikin mota da hantsi su koma kafin la'asar.

Wace ce Uwa Marie-Catherine

A cocin Katolika akwai matan da ke ɗaukar alkawarin zaman zuhudu, waɗanda ake kira sistoci. Alkawari uku suke yi a gaban Allah da jama'arsu: ba za su yi aure ba, ba za su mallaki dukiya ta kansu ba, za su kuma yi biyayya ga shugabanninsu. Suna zama gida ɗaya, suna cin tukunya ɗaya, yawancinsu kuma aikin koyarwa ko na jinya suke yi. Marie-Catherine Kingbo ta shiga wata irin wannan ƙungiya ta Senegal mai suna Filles du Saint-Cœur de Marie, wato Ɗiyan Tsattsarkar Zuciyar Maryama, wadda aka kafa a Dakar a 1858, tana kuma cikin ƙungiyoyin sistoci ƴan Afirka mafi daɗewa. Ƴan'uwanta sun ga hankalinta da ƙwazonta, suka zaɓe ta shugabar ƙungiyar baki ɗaya, ta riƙe wannan matsayi daga 1988 zuwa 2000.

Wanda ya yi shugabanci shekara 12 yana da hujjar neman hutu. Ita kuwa da ta sauka sai ta koma ɗaliba. Ta tafi birnin Paris na Faransa ƙaro ilimi, cikin abin da ta karanta har da addinin Musulunci da zamantakewar Musulmi da Kirista. A can ne ta ƙudurta cewa za ta je ta zauna cikin al'ummar Musulmi ta yi musu hidima. A wannan lokaci an riga an ba Maraɗi mazaunin bishop nata a 2001, bishop na farko kuwa shi ne Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso. Shi ya karɓe ta. A watan Oktoba na 2006 ta kafa sabuwar ƙungiya mai suna Fraternité des Servantes du Christ, wato Zumuntar Bayin Almasihu Mata, ƙungiyar sistoci ta farko da aka haifa a ƙasar Nijar. Ta riga ta haura shekara 50 a lokacin.

A lura da wurin da ta zaɓa. Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba bisa ƙidayar 2012, ƙauyukan Gobir kuwa ba wurin da baƙo ke samun suna ko dukiya ba ne. Shekara ɗaya kafin zuwanta, a 2005, jihar Maraɗi ta sha ƙarancin cimaka mai tsanani, har likitocin ƙungiyar MSF suka buɗe gidajen jinyar yara masu tamowa a Maraɗi da Dakoro da wasu garuruwa. Cikin wannan hali ta iske jama'a. Ta baro Dakar, birnin bakin teku inda take da girma da sanayya, ta zo ƙasar da ba ta da dangi, ba ta kuma tashi da harshenta ba.

Hanyar da ta bi

Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Uwa Marie-Catherine ta gane haka tun farko. A ƙauyen Ɗan Bako sistocinta suka buɗe gidan kula da yara masu tamowa da mata masu ciki da masu shayarwa. A can ake auna yaro, a ba shi abinci mai gina jiki, a koya wa uwarsa yadda za ta dama kunu mai amfani da abin da ke cikin rumbunta. Macen da aka ceto mata ɗa ba ta manta fuskar wanda ya taimake ta, mijinta ma haka. Daga nan aminci ya soma shiga tsakanin sistocin da mutanen karkara.

Bayan haka ta juya wajen aljihun mata. An ba su ƙananan basussuka don su yi sana'a, an koya musu ɗinki da yin sabulu da lissafin jari da riba, an kuma buɗe musu darussan karatu da rubutu. Dalilin a bayyane yake. Uwar da ba ta da abin sayen gishiri ita ce ke ɗora wa ɗiyarta tiren talla da safe, ita ce kuma ke ganin auren ɗiyar da wuri a matsayin sauƙi. In uwa ta samu abin hannu, sai ta iya haƙura da kuɗin talla ta bar yarinya ta tafi lakwal.

Abu na uku, wanda ya fi kowane wuya, shi ne zama da maza masu faɗa a ji. Ta riƙa shirya taruka inda take gayyatar masu gari da limamai, da matasa maza da mata, daga ƙauyuka fiye da 100. A wurin ake tattauna auren wuri da auren dole, da abin da ke samun yarinyar da ta ɗauki ciki jikinta bai nuna ba: doguwar naƙuda, mutuwar jariri, ciwon yoyon fitsari, wani lokaci har rasa ranta. Ba ta shiga ƙauye ta bayan maigari ba, ba ta kuma tsaya a dandali tana zagin al'adar mutane ba. Ta san cewa a karkara liman ne ke ɗaura aure, maigari ne ke sasanta rigima, saboda haka maganar da ba ta bi ta bakinsu ba a ƙofar zaure take tsayawa. Mace ce, Kirista, baƙuwa, amma dattawa masu rawani suka zauna suka saurare ta, don sun ga abin da ta yi wa jikokinsu kafin ta buɗe baki.

Sai makaranta ta biyo baya. A Tibiri ƙungiyar ta gina makaranta da gidan kwana, inda ɗiya mata na ƙauyuka masu nisa ke samun wurin barci da abinci da mai lura da su. Ɗiyan Musulmi da na Kirista suna zama benci ɗaya. A tsarin nata kowane sashe na riƙe da ɗan'uwansa: gidan jinya ya kawo aminci, sana'ar uwa ta sauke talla daga kan yarinya, yardar liman da maigari ta jinkirta aure, gidan kwana kuma ya kawar da tsoron nisa. In aka zare ɗaya, sauran sai su yi rauni.

An jarraba wannan zama a watan Janairu na 2015. Ranar 16 ga wata a Damagaram, ranar 17 kuma a Yamai, masu zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa suka ƙona majami'u da makarantu da gidajen Kiristoci, aka rasa rayuka 10. A waɗannan kwanaki an ga Musulmi da yawa sun ɓoye maƙwabtansu Kiristoci cikin gidajensu, abin da ya kamata a riƙa tunawa. Sistocin Maraɗi ba su tattara kayansu sun bar ƙasa ba. Aiki ya ci gaba har rasuwar wadda ta kafa shi, waɗanda ta horar kuma suka ɗora daga inda ta tsaya.

Halin da ɗiya mace ke ciki a arewa

Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa cikin mata masu shekara 20 zuwa 24, kashi 76 cikin 100 an yi musu aure kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15. A jihar Maraɗi adadin waɗanda aka aurar kafin 18 ya kai kashi 89. Yarinyar da aka aurar tana aji biyar ko shida na firamare da wuya ta sake riƙe alli.

Gundumar Dakoro tana da nata nauyin da ya ɗara na kudu. Ƙasa ce mai faɗi, ƙauyuka a warwatse, ruwan sama kuma ba shi da tabbas. A nan noma ke haɗuwa da kiwo: dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kwarin Tarka kuma shi ne mahaɗar manoma Hausawa da makiyaya Fulani da Buzaye. Rijiyoyi na da zurfi, har sai an sa shanu ko jakuna ko raƙuma su ja guga, ɗibar ruwa kuwa a wuyan mata da ƴan mata take. In rani ya yi tsanani magidanta su tafi ci-rani Nijeriya ko Libiya, makiyaya su bi dabbobinsu, yara su bi uwayensu. Malami ya shiga aji a watan Maris ya iske rabin benci babu kowa. An ga haka a farin 1973 da 1974, an gani a 1984, an sake gani a 2005 da 2010.

Wadda ta jure ta gama aji shida sai ta tarar da wani shinge. Kwaleji ba ta kowane ƙauye, sai manyan garuruwa irin su Dakoro da Kornaka da Birnin Lalle. Dole uba ya nema mata masauki gidan wani. A gidan masauki sau da yawa ita ce mai daka, ita ce mai shara, ita ce mai reno. Karatun dare babu fitila, abincin rana babu tabbas. Uban da ke tsoron kada ɗiyarsa ta lalace a garin da ba shi da ido a kanta ba jahili ba ne, tsoronsa na da tushe. Wanda ya yi masa dariya bai san karkara ba. Amsar wannan tsoro ita ce gidan kwana mai katanga da mace dattijuwa amintacciya a ƙofa, irin wanda aka gina a Tibiri.

Hukuma ba ta yi barci ba. Ranar 5 ga Disamba 2017 gwamnati ta fitar da doka ta musamman don kare ɗiya mace da tallafa mata muddin tana makaranta. A 2021 an soma gina gidajen kwanan ƴan mata na gwamnati, aka buɗe na Kelle cikin jihar Damagaram. Tun zamanin da ma akwai makarantun makiyaya masu ba da abinci a arewacin ƙasa. Waɗannan duka matakai ne nagari. Sai dai doka ba ta da ƙafar zuwa Azagor ko Bader Gula, gini kuma ba ya lallashin uba. Mutum ne ke yin wannan, mutumin da jama'a suka sani suka kuma yarda da shi.

Tsoron da ake ji

Akwai masu cewa aikin mishan tarko ne, ana ba da magani da karatu don a raba yara da addinin uwayensu. Wannan magana ba abin rainawa ba ce, don uba na da haƙƙi ya san abin da ake zuba wa ɗansa a kai. Uwa Marie-Catherine ba ta taɓa ɓoye cewa bangaskiyarta ce ta kawo ta ba. Sunan ƙungiyarta ma ya faɗi haka. Amma sai a auna da abin da ido ya gani. Kwalejin Mariama ta Yamai, wadda mishan Katolika ta buɗe a farkon shekarun 1960, ta yaye ɗiyan Musulmi masu ɗimbin yawa, suka zama likitoci da malamai da manyan ma'aikata, suna nan da sallarsu da azuminsu. Limaman Gobir da suka halarci tarukan sistocin sun koma masallatansu suna limanci. Makarantu masu zaman kansu kuma a ƙarƙashin ikon ma'aikatar ilimi suke, tsarin karatun ƙasa suke bi, sufeto na da ikon shiga ya duba. Inda aka ga wani ya ƙetare iyaka, hukuma na nan.

Tarihin Musulunci ma ya san zaman mutunci da Kiristoci. Lokacin da aka matsa wa Musulmin farko a Makka, ƙasar Habasha suka yi hijira, sarkinta Najashi, wanda ke mulkin ƙasar Kiristoci, ya ba su mafaka. Yaba wa wanda ya yi aikin kirki ba ya rage wa kowa imani.

Amma ko da an bar zancen mishan gefe, tambaya na nan a gaban mutanen Dakoro. In baƙuwa ta iya baro ƙasarta don ɗiyan wasu, ƴan ƙasa fa, me ya hana su yi wa nasu? Wanda ba ya son ɗiyarsa ta je makarantar sistoci yana da hanya a buɗe: ya tashi shi da ƴan'uwansa su gina tasu, su riƙe ta da irin wannan naciya. Abin da ba shi da hujja shi ne a ƙi ta wasu, a kuma ƙi gina ta kai, a bar yarinya da tire a ka.

Gadon da ake da shi a gida

Karantar da mata ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, cikin ƙasar da take Nijar a yau, ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da almajirai na waje su bar matansu da ɗiyansu mata cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin Ƴan Taru. A tsarin nan ana zaɓen mace dattijuwa mai hankali a naɗa ta jaji, a ba ta malfa, ta riƙa jagorantar matan ƙauye zuwa wurin karatu, ta komo ta koyar da waɗanda ba su samu zuwa ba. Nana Asma'u ta dogara ga matan da ke zaune cikin jama'a, waɗanda kowa ya san gidajensu. Addininsu ya bambanta, zamaninsu ya yi nisa da juna, amma dabarar ɗiyar Shehu da ta baƙuwar Tibiri ɗaya ce a wannan fanni.

Bayan samun mulkin kai ma ƙasa ta yi nata yunƙuri. An soma yaƙi da jahilci na manya a 1963, aka koya wa manoma karatu da rubutu cikin harsunan gida don kada a cuce su wajen awon gyaɗa. An kafa Ƙungiyar Matan Nijar a 1975. A zamanin Samariya matasa sun gina azuzuwa da hannuwansu, sun yi gayya a gonakin gari. A 1991, a cikin jihar Maraɗi, aka haifi tsarin asusun Mata Masu Dubara tare da ƙungiyar CARE, inda mata ke zuba ɗan abin da suka samu kowane mako su ranta wa juna, tsarin da daga baya ƙasashe da yawa na Afirka suka kwaikwaya. Ashe kayan aiki na nan a gida. Abin da ke ƙaranci shi ne mai haɗa su wuri ɗaya ya kuma tsaya a kansu har su yi ƙarfi.

Abin da ya rataya a wuyan magabata

Ba daidai ba ne a ce wa malamin gwamnati ya zama kamar sista. Sista ba ta da miji, ba ta da ɗiya, ƙungiyarta ke ɗauke da cinta da suturarta da jinyarta. Malama kuwa tana da iyali, malamin kwantaragi na da bakunan da ke jiransa. In an tura shi ƙauyen da babu ɗakin kwana, babu ruwa kusa, albashi kuma sai ya yi tafiyar yini kafin ya karɓa, ba abin mamaki ba ne in ya nemi a maida shi birni tun shekara ba ta zagayo ba. Haka ake samun makarantar da ta canza malami uku cikin shekara biyu, ba wanda ya daɗe har ya san sunayen uwayen yara. Saboda haka in ana son mai zama, sai a gyara masa wurin zama.

Na farko, magadan gari da majalisun ƙananan hukumomi na gundumar su sa ginin gidan malami cikin kasafinsu daidai da ginin aji, musamman gidan malama mace. Malama ɗaya da ke zaune a ƙauye da mutuncinta ta fi jawabi goma, don uwaye na ganin abin da karatu ke mai da ɗiya mace.

Na biyu, kowace kwaleji ta karkara ta samu gidan kwanan ƴan mata, ko da ƙarami ne, a kuma damƙa shi ga mace dattijuwa wadda uwaye da kansu suka zaɓa. A haɗa shi da rumbun tsimi, inda kowane gida zai zuba ƴan tiyoyin hatsi da kaka, hukuma da masu hannu da shuni su cika sauran. Gidan kwanan da babu tuwo a cikinsa wata ɗaya ba ya yi sai ya watse.

Na uku, a riƙa zama da limamai da sarakuna da arɗaɗɗan Fulani da shugabannin Buzaye a kai a kai, ba sai ranar da baƙi za su zo ba. A kawo ungozoma da ma'aikacin gidan likita su bayyana abin da suke gani a ɗakin haihuwa. A bar malaman addini su yi bayani da nasu littattafai, don a cikinsu akwai hanin cutar da mace da umurnin neman ilimi. Yarjejeniyar da gari ya ɗauka da bakinsa ta fi daɗewa bisa wadda aka karanta masa.

Na huɗu, a daina auna aiki da yawan tarukan da aka yi ko yawan yaran da aka rubuta a aji ɗaya. A ƙidaya ƴan mata nawa suka shiga, nawa suka kai aji shida, nawa suka samu takardar BEPC. Sufeto da shugaban gunduma su nemi wannan lissafi ƙauye ƙauye, su kuma tambayi inda kowace yarinya da ta ɓace daga rajista ta tafi.

Rabon ɗaliban yaƙi da jahilci

Waɗanda suka koyi karatu da girmansu sun fi kowa sanin zafin jahilci, don sun ɗanɗana shi. Sun san kunyar kai wa wani wasiƙar sirri ya karanta, sun san yadda ake dangwala yatsa a takardar da ba a san abin da ke cikinta ba. Su ne kuma ba a canza musu wurin aiki, don a garin aka haife su, a nan gonakinsu suke. Mai zaman da ake nema, ga shi nan a cikinsu.

Mutumin da ya samu takardar yaƙi da jahilci zai iya shiga kwamitin makarantar garinsu ya riƙe rajista. Zai iya zuwa gidan maƙwabcinsa in ya ga yarinya ta kwana uku ba ta je aji ba, ya yi magana da shi ta ƴan'uwantaka. Macen da ta iya rubutu za ta iya riƙe littafin asusun mata, ta tara ƴan mata biyar ko shida a tsakar gidanta bayan magariba su yi bitar darasi. Fiye da kome, kowannensu zai iya soma gyara daga gidansa, ya bar tasa ɗiyar ta gama karatu. Gari na kallon abin da mai ilimi ya yi da ɗiyarsa kafin ya saurari abin da ya ce a yi da ta wasu.

Uwa Marie-Catherine Kingbo ta yi kusan shekara 15 a jihar Maraɗi. Ba ta kawar da auren wuri daga Gobir ba, ba ta kuma kori tamowa ba. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya da ƙungiya ɗaya. Amma akwai yaran da ke raye, akwai ƴan matan da suka iya karatu, akwai dattawan da suka sake tunani, saboda ta zo ta zauna ba ta gaji ba. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa. Ɗiyan Dakoro da Kornaka da Birnin Lalle da rugagen kwarin Tarka na jiran waɗanda za su yi musu irin wannan zama daga cikin nasu mutane. Allah ya ba magabata ikon sauke nauyin da ke kansu, ya ba ƙasa damina mai albarka da zaman lafiya.